Rigar da Shanun Fakku Suka Yarda da Ita

Cikin shekarun da na yi ina aikin lafiyar dabbobi, akwai ranar da ta ƙi fita daga raina. Ita ce ranar da na tsaya a rumfar 'yan gwanjo a Tambuwal, da furfurata a gemu, ina ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya ina hura musu iska da baki. Mutane suka taru suna kallo, wata tsohuwa mai sayar da daddawa har ta yi mini addu'ar samun sauƙi. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna jin ana tsokanata da Malam Isa mai busa riga, to ga asalin abin, gara ku ji daga bakina da ku ji daga masu ƙara masa gishiri.

A lokacin ni ne shugaban tawagar rigakafi mai zagaya ƙauyukan Kebbe, amma a Tambuwal nake kwana. Mu uku ne: ni, da Lawali mai rubuta sunaye da shafa wa shanu alama, sai Malam Sahabi mai allura. A takarda Malam Sahabi yana ƙasa da ni da mataki uku. A gaban saniya kuwa ni ɗalibinsa ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma masu shanu sun san hannunsa, don yakan soka allura ya zare saniya ba ta daina tuƙa ba.

Ga wanda bai san aikin ba, maganin rigakafin ciwon huhun shanu busasshe yake zuwa, a 'yan ƙananan kwalabe, cikin kula mai ƙanƙara. Ba a haɗa shi da ruwansa sai an isa gaban garke. Da zarar an haɗa, lokacinsa kaɗan ne, in ya daɗe ko rana ta buge shi ya mutu, ruwa kawai za ka ɗura wa saniya ka rubuta an yi. Shi ya sa muke tashi ana sallame sallar asuba, mu isa kafin a saki shanu kiwo. Kuma bayan girbi ake yi, lokacin da shanu suke gida suna cin kara, kafin su gangara kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa.

Bayan girbi kuwa sanyi ya shigo. Wanda bai taɓa hawa babur daga Tambuwal zuwa Fakku da irin wannan safiya ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Iska takan shiga ta wuyan riga da bakin hannu ta zauna maka a ƙirji. Kafin ka isa yatsunka sun sandare, sirinji ma ba ka iya riƙewa. Dabararmu ita ce ta 'yan kabu-kabu, mu tura kwali a ƙirji ƙarƙashin kaftani. Shekara uku ina rubuta takardar a saya mana rigunan iska, har Oga, wato shugaban sashenmu, ya gaji da ganin sa hannuna. A shekara ta huɗu aka amince. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ya ce in je in zaɓo da kaina tunda ni na dame shi.

Na je na zaɓo da ido. A wani shago kusa da tasha na ga rigunan leda ruwan ɗorawa, masu hula, sai ƙyalli suke, irin na masu aikin titi. Mai shagon ya ce ko iskar hadari ba ta ratsa su, kuma gaskiya ya faɗa. Ga araha. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne daga nesa za a san ma'aikata ne suka iso. Da na kawo su ofis, Malam Sahabi ya ɗauki tasa ya murza hannunta kusa da kunnensa, ya ajiye ta, ya ce Allah shi sa albarka. Na ga yadda ya yi, ban tambaye shi ba. Ni ne shugaba, kuma kaina ya riga ya kumbura.

Ranar Laraba muka nufi Fakku. Baffa Dikko, dattijon da masu shanun unguwarsu suke jin maganarsa, ya yi kwana da kwanaki yana bin gida-gida har ya sa gidaje da yawa suka tara shanunsu wuri ɗaya, a wani fili da aka kewaye da ƙaya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mutanen nan manoma ne masu kiwo, kowa ya bar sussukar gero da ɗaurin dawa ya zo ya tsaya riƙon ƙaho.

A kan kwalta rigar ta yi daɗi, har ina ɗaga wa Lawali hannu. Da muka sauka hanyar yashi, inda sai ka sauko ka tura babur, sai na fara jin ruwa yana bin bayana. Ledar ta hana iska shiga, ta kuma hana gumi fita. Muka isa, muka gaisa, na haɗa kwalba huɗu a lokaci ɗaya don na ga shanu da yawa kuma ina son a yi sauri. Sannan mu uku muka shiga shingen a jere, kowane motsi riga tana ƙara.

Wata babbar saniya fara, wadda sauran suke bi, ita ta fara ɗaga kai. Ta kafe kunnuwa, ta yi huci, ta juya. Kafin in ankara garken gaba ɗaya ya bi ta. Suka tattake ƙayar kamar babu ita, suka watsu cikin gonaki, masu su na bin su da sanda suna kiran sunayensu. Allah Ya kiyaye ba a taka kowa ba. Muka yi maza muka tuɓe rigunan, amma aikin gama ya gama, saniyar da ta firgita ba ta sake tsayawa a kama ta ranar nan. Ga mu tsaye a fili, kaftanai sharkaf da gumi, iska tana kaɗa mu. Na dubi Malam Sahabi na ga haƙoransa suna haɗuwa. Maganin da na haɗa kuwa yana hannuna yana mutuwa.

Baffa Dikko bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki rigata daga ƙasa, ya murza ta, ya miƙo mini kusa da kunne.

"Malam, saurara. Mi kaj ji? Wagga ƙara ita ce ta wuta in ta kama karan dawa. Shanun ga ba su san gwamnati ba, kunne sunka sani da hanci. Kun taho musu ku ukku kuna ƙarar gobara, mi kaka so su yi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba shi haƙuri, na roƙi a sake tara mana su. Ya ce zai gwada, amma zuwa Litinin kaɗai yake iya riƙe mutane, don karan gona ya kusa ƙarewa, Talata da safe shanu za su bi burtali su gangara kudu, ba za a sake ganinsu ba sai ruwa ya sauka. Duk mun san ana raɗe-raɗin ciwon huhu a can inda za su. In Litinin ta wuce, haka za su shiga cikinsa ba rigakafi.

Ranar Alhamis Malam Sahabi bai zo aiki ba, zazzaɓi da tari sun kwantar da shi. Na shiga wurin Oga na zayyana masa komai. Ya ce babu wani kuɗin riga, wanda aka bayar an bayar. Ya turo mini fom ɗin rahoto, ya nuna mini layin da ake rubuta dalilin da aiki bai yiwu ba.

"Rubuta abin da aka saba rubutawa, Malam Isa. Masu shanu sun ƙi ba da haɗin kai. Sai mu wuce ƙauye na gaba."

"Ranka ya daɗe, ba su ƙi ba. Sun bar gonakinsu sun tara mana shanu, ni na kore su."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce taurin kaina ne zai hana ni ƙarin girma. Na ce a bar mini fom ɗin a buɗe zuwa Litinin. Ya ce ya bari, amma man babur daga aljihuna zai fito.

Kuna iya cewa me ya hana mu koma ga kwalinmu na da, ko mu sa ledar a hanya mu tuɓe kafin mu isa. Na yi wannan tunanin. Amma ledar ce ta jiƙa Malam Sahabi ta miƙa wa iska, kwali kuma ba zai tsare ƙirjin da ya riga ya kamu ba. Shanun da suka firgita sau ɗaya, hannun da suka sani kaɗai za su tsaya wa. In babu Malam Sahabi ranar Litinin, babu aiki. Saboda haka dole in samo rigar da mutum mai tari zai hau babur da ita da sanyin safiya, ya tura babur a yashi da ita, ya kuma shiga tsakiyar shanu da ita.

Da yamma na je duba shi. Na same shi a zaure lulluɓe da bargo, na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambaye shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ya ji ƙarar tun a ofis, amma ya ga ina murna, kuma ba ya son a ce ƙaramin ma'aikaci yana gyara wa babba. Wannan maganar ta fi ta Baffa Dikko yi mini zafi. Sannan ya ce in nemi yadi mai saƙa a matse, kamar kakin soja amma mara nauyi, launin ƙasa ko na toka. In kara a baki in hura, in sa bayan hannu ta ɗaya gefen. In iska ta wuce salin alin, ba riga ba ce, rariya ce. In ta toshe gaba ɗaya har kumatuna suka kumbura, ledar ce ta sake dawowa da wata kama. Wadda ake nema ita ce wadda sai ka matsa kafin ka ji ɗan ɗumi-ɗumi ya ratso.

Da safiyar Juma'a na ɗaure rigunan ledar a bayan babur na nufi rumfar wani mai gwanjo da ake kira Alhaji Buba. Na gaya masa musaya nake so. Ya ce leda ba ta kwantai, da damina 'yan kabu-kabu za su wawashe, in zaɓi uku daga dilar rigunan sanyi da ya kwance jiya, in dai ba na fata ba ne. Na naɗe hannun riga na durƙusa.

Yawancinsu tarkace ne. Akwai masu soso a ciki, masu kumburi, waɗanda za su dafa mutum kafin hantsi. Akwai na ulu masu kyau a ido, na hura iska ta wuce kamar babu komai. Akwai waɗanda waje yadi ne, ciki kuwa an shafe da roba, in ka ja sai ta riƙa ɓarewa. Duk wadda ta tsallake hurawa sai in murza hannuwanta biyu kusa da kunne, in ta yi ƙara in jefar gefe. A nan ne 'yan kallo suka taru. Alhaji Buba ya ce shekara ashirin yana sayar da gwanjo, ya ga mai shinshina riga, ya ga mai cizon maɓalli, amma bai taɓa ganin mai yi wa riga tofi ba.

Da ya ji dalilina sai ya daina dariya ya shiga taya ni. Shi ne ma ya kawo wata dabarar. Ya sa mai shayin da ke gefe ya zubo ruwan zafi a kofi, ya rufe bakin kofin da yadin riga, ya ce in kara tabarauna a sama. A kan leda gilashin ya zauna garau. A kan wata riga launin toka kuwa, kafin ka ƙirga goma ya yi hazo. Ya ce abin da tururi ya ratsa, gumi ma zai ratsa.

Wannan mai launin tokar ita ce ta farko. Irin wadda ake zurawa ta ka ce, ba ta da dogon zif sai ɗan gajere a wuya, wanda ya yi mini, don ta haƙoran zif iska take sata ta shiga, kuma shi yake fara lalacewa. Tana da hula, da igiyar tsukewa a ƙugu, da babban aljihu a ƙirji wanda zai ɗauki sirinji da allurai. Na sa ta a kan kaftani na ɗaga hannuwa sama, na durƙusa, na yi kamar ina riƙe wuyan saniya, don in ga ko za ta ɗaure mini kafaɗa. Ta biyu launin ƙasa ce, da ɗan yagewa a gwiwar hannu, tela ya ɗinke mini nan take. Ta ukun sai da muka zazzage rabin wata dilar, ana kiran sallar Juma'a muka same ta. Ta yi mini yawa ƙwarai, in na sa kamar an rataya buhu a turke, amma na ce tawa ce.

Duk da haka ban yarda da kaina ba, don idona da kunnena sun riga sun yaudare ni sau ɗaya. Ranar Asabar da asuba na sa tawa, na ɗauki sauran biyun, na tafi Fakku ni kaɗai. A kwalta iska ba ta same ni ba. A yashi na tura babur na yi gumi, amma kafin in isa bayana ya bushe. Baffa Dikko ya karɓi rigunan, ya murza, ya gyaɗa kai, sai kuma ya kai hanci ya yamutsa fuska.

"Ƙara babu. Amma warin dila fa? Wanga wari baƙo ne ga shanu. Kawo su nan."

Masu shanu sukan hura 'yar wuta ta busasshen kashin shanu a tsakiyar garke da safe, shanu su kewaye ta suna shan hayaƙi. A kan sanda, daidai inda hayaƙin yake tashi, ya rataya rigunan, tawa ma ya ce in tuɓe. Muka zauna ya sa aka kawo fura. Bayan kamar awa ɗaya ya ce in sa in shiga, a hankali, kada in dubi farar saniyar a ido. Na shiga. Ta ɗaga kai, ta matso, ta kai hanci kan aljihun ƙirjina ta yi huci mai ɗumi. Sai ta juya ta ci gaba da tuƙa. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi a fili ba.

Ranar Litinin na ɗauko Malam Sahabi a bayana, na tsuke masa igiyar ƙugu da hannuna, yana cewa in bari shi ba jariri ba ne. Ya yi tari sau biyu ko uku a hanya, amma ya sauka yatsunsa suna motsi. Wannan karon kwalba ɗaya-ɗaya na riƙa haɗawa. Masu shanu suna kamawa, shi yana sokawa, Lawali yana shafa alama. Ko saniya ɗaya ba ta tsinke ba. Kafin rana ta yi zafi mun gama, na zauna a gindin wata bishiya ina duba sunayen da Lawali ya rubuta tun ranar Laraba, ina jin daɗi. A nan na ga suna ɗaya babu alama a gabansa.

Na tambayi Baffa Dikko ina mai sunan, wato Jabbi. Ya sunkuyar da kai. Ya ce Jabbi mutum ne mai ƙaramar gona, karansa ya ƙare tun kafin mu zo, don rigakafin nan kaɗai ya tsaya har Laraba yana sayen dusa. Da abin ya watse, washegari ya kora shanunsa ya bi burtali. Baffa ya aika masa ya dawo, shi ya sa bai gaya mini ranar Asabar ba, yana sa rai. Saƙon bai same shi ba.

Talata na cika kula da ƙanƙara na bi burtalin ni kaɗai, ina tambaya ƙauye-ƙauye. Da azahar na isa bakin gulbi, masu kwalekwale suka ce ya haye da shanunsa kwana biyu da suka wuce. Babur ba ya iyo, ƙanƙara kuma ta zama ruwa. Na juyo. A fom ɗin Oga na rubuta cewa garke ɗaya bai samu ba saboda kuskuren shugaban tawaga wajen zaɓen kayan aiki. Ya karanta, ya ce ba a taɓa rubuta haka ba, na ce to yau an fara.

Da ruwa ya sauka na je Fakku duba wata saniya mai wahalar haihuwa, na ga Jabbi a ƙofar gidansa. Turakun da ke bayansa kusan rabi babu komai a ɗaure. Ban ga gawarwakin ba, don haka ba zan rantse ba, amma alamun da ya lissafa mini, tari da nishi da tsayuwa da buɗaɗɗun ƙafafu, na san su sarai. Na fara ba shi haƙuri. Ya tare ni, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce abin da Allah Ya rubuta ne. Da zan tafi ya rako ni har gindin babur.

"Malam, bana in kun tashi tahowa, ku fara da nau garke. Ba ni iya jira kamar sauran."

Abin da nake son ku riƙe ke nan. A aikin nan babu ƙaramin kaya. Riga, takalmi, igiya, duk wanda za ku zaɓa ku tambayi wanda zai yi aiki da shi, ko da yana ƙasa da ku a takarda, ku kuma tuna akwai dabba a gabanku mai kunne da hanci. Kuma kafin hannunku ya rubuta cewa masu shanu sun ƙi ba da haɗin kai, ku tsaya ku duba ko ku ne kuka kore su. Mutanen nan sukan bar gona su jira mu, mu kuwa in muka yi kuskure albashinmu ba ya raguwa. Garken Jabbi ne ya ragu, kuma shi ne ya shimfiɗa mini tabarma.